Awo Da Kirdado

Kowa ya san awo, kowa kuma ya san kirdado, amma ba kowa ya taɓa tsayawa ya raba su ba. In manomi ya kai audugarsa kasuwa a Funtuwa ko Malumfashi, aka ɗora ta bisa sikeli, to, wannan awo ne. Shi yana duban sikeli, mai saye yana duba, in gardama ta tashi sai a sauke a sake ɗorawa. Amma in dillali ya tsaya bakin gona tun auduga ba ta fashe ba, ya dubi ganye, ya dubi sama, ya ce gonar nan za ta ba da buhu kaza, wannan kirdado ne. Yana iya dacewa, yana iya saɓawa, ba kuwa laifi ba ne, gama rabin harkar duniya da kirdado a ke yinta. Laifi yana shigowa ne ran da mutum ya yi kirdado, sa'an nan ya miƙa wa jama'a shi da sunan awo.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne wata tambaya mai nauyi. A ce an tashi mutane daga garinsu domin an zuba wa ƙasarsu guba. Shekaru suka wuce, sai ga wani malami da na'ura a hannu, ya zaga, ya rubuta, ya ce musu, "Mun auna, ba komi, ku koma gida." Mene ne haƙƙin mutanen nan a wuyan malamin nan? Wa kuma ya dace ya yanke maganar komawar, shi ko su? Mai karatu zai ce wannan zancen mutanen nesa ne. Bari mu fara da abin da ya bi ta bisa kanmu.

Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bom ɗinta na atom na farko a cikin Sahara, kusa da wani gari Reggan a kudancin Aljeriya, wadda a lokacin ta ke hannunta. Ƙarfinsa ya kai kamar huɗu na wanda Amurka ta jefa wa birnin Hiroshima a 1945. Faransawa suka ce wurin daji ne, ba kowa. Alhali kuwa Reggan tana ƙasar Tuwat ne, ƙasar dabino da rijiyoyi, inda ayarin raƙuma ya saba tasowa zuwa ƙasar Hausa. Daga Tuwat ɗin nan Shehu Maghili ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya zauna Katsina, can kuma ya koma ya rasu. Ƙasar da ta aiko mana da malami irin wannan ba a ce da ita ba kowa.

Daga Reggan zuwa Katsina ya fi mil 1,000. Duk da haka hankalin mutane ya tashi ƙwarai tun 1959 da aka ji niyyar Faransa, don kowa ya san abin da hunturu ke yi. Hazon da ke rufe mana rana, ya fasa mana leɓe, ya kwanta bisa tuwo da randa, daga hamada ya ke tasowa. Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Balewa ya kai kuka har London. Ingila ta taimaka da masana da na'urori, aka kafa wuraren auna ƙura a Nijeriya. Da bom ya fashe suka auna, suka ce lalle wani abu ya sauka, amma kaɗan ne, bai kai na cutarwa ba. Faransa ta sake fasa na biyu ran 1 ga Afrilu, na uku ran 27 ga Disamba. A nan haƙurin Gwamnatin Nijeriya ya ƙare. Ran 5 ga Janairu 1961 ta ba jakadan Faransa kwana biyu ya bar Ikko, ta hana jiragen Faransa na ruwa da na sama shigowa. Wata uku ke nan da samun mulkin kai.

Mene ne abin da a ke tsoro a cikin ƙurar? In bom ɗin atom ya fashe, ba wuta da ƙara kaɗai ke fita ba. Ya kan ɗebi ƙasa ya niƙe ta, ya cilla ta sama, ƙurar nan kuwa tana fid da wani irin haske wanda ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda a ke ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Shi a ke kira tururin atom. In ya yi yawa ya ƙone fata, ya zub da gashi, ya kashe cikin makonni. In kaɗan ne ƙwarai, ba abin da za a gani, don ko ba bom akwai irinsa a duwatsu da hasken sama, muna cikinsa tun haihuwa. Na tsaka-tsaki shi ne mai wuyar sha'ani. Ya kan kwanta shiru cikin jiki shekara goma, shekara ashirin, sa'an nan ya fito wa wani da ciwon daji, ya bar maƙwabcinsa lafiya lau. Malamanmu sun koya mana cewa ruwa ana gane sākewarsa da abu uku, launi, ɗanɗano da wari. Wannan guba ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin ukun. Rijiya tana nan garau, ƙasa tana ba da amfani, akuya tana ƙiba. Mai gari ba shi da hanyar sani sai ta bakin mai na'ura. Ciniki ne da mudun da mai hatsi ba ya gani.

Ni ban ga dalilin ƙaryata masu awon 1960 ba. Nisan ya isa, ƙurar ta watsu, abin da ya sauko mana ba shi da yawa. Ko a 'yan shekarun nan, da hazon Sahara ya kai ƙasashen Turai aka tara shi aka auna, an iske irin gubar a ciki, amma ƙasa ƙwarai da abin da zai cuci mutum. Faɗin wannan ma wajibi ne, don tsoratar da jama'a a banza shi ma tauye mudu ne. Sai dai a lura da wanda ke riƙe da sikeli a lokacin. Ingila, wadda ta auna mana, ita kanta tana fasa nata bamabamai a Ostareliya da wani tsibiri a Tekun Fasifik har 1958. Faransa kuwa ta san inda ƙurarta ta bi, ta zana taswira ta kulle. Ba a ga taswirar nan a jarida ba sai 2014, shekara 54 bayan abin, sai ga shi ƙurar ta kai Cadi da Mali cikin 'yan kwanaki, kafin mako biyu ta haye teku zuwa kudancin Turai. Ina ganin shugabannin lokacin sun gane darasin, shi ya sa a 1964 aka kafa ofishin auna tururin atom na Nijeriya a Jami'ar Badun, don mu sami sikelin kanmu.

Mu na nesa ke nan. Ina waɗanda ƙasarsu ce ta zama fagen? Bom huɗu aka fasa a sarari a Reggan, sa'an nan daga 1961 zuwa 1966 aka fasa 13 cikin ramuka a ƙarƙashin wani dutse a In Ekker, ƙasar Buzaye, arewa da Tamanrasat. Ran 1 ga Mayu 1962 toshiyar ramin ta ɓalle, hayaƙi da narkakken dutse suka yo waje, har ministocin Faransa biyu da suka zo kallo abin ya shafe su. A 1967 sojan Faransa suka tashi. Motoci da ƙarafa da suka gurɓata, wasu suka binne cikin rairayi, wasu suka bari a fili. Makiyaya suka komo da raƙuma da awaki. Mutane suka yi ta tonon wayar tagulla da kwanon rufi, suna sayarwa, suna rufin ɗaki. A nan ba a ma yi musu kirdado ba, shiru aka yi. Da Faransa ta yi dokar biyan diyya a 2010, sai aka ce mai nema ya kawo shaidar cewa yana wurin a shekarun nan, da takardar likita. Buzun da aka haifa a tanti, ina zai samo takarda? Shekara 10 bayan dokar, mutumin Aljeriya guda ɗaya aka biya.

Amma inda za mu ga yadda a ke yin lissafin komawa gida filla-filla, sai mu tafi wasu ƙananan tsibirai a tsakiyar Tekun Fasifik, Tsibiran Mashal, domin can takardu sun fito fili. A 1946 Amurka ta roƙi mutanen tsibirin Bikini, su 167, su tashi na ɗan lokaci za ta yi gwaji. Sarkinsu Juda ya yarda. Aka kai su wani tsibiri da ba kowa, wanda kakanninsu suka ƙi zama don ba ya ciyad da mutum. Yunwa ta kusa gamawa da su, a 1948 aka mai da su Kili, ɗan tsibiri wanda igiyar ruwa ke hana kwalekwale fita rabin shekara. Masunta ne, aka aje su inda ba su. Tsakanin 1946 da 1958 aka fasa bom 67 a tsibiran, 23 a Bikini kaɗai. Mafi girmansu, na ran 1 ga Maris 1954, ya kai kamar dubu na Hiroshima, ya kuma fi abin da masu yinsa suka kirdada sau biyu da ɗoriya. Tun daga ranar farko ke nan kirdado ya fara saɓawa.

A 1968 Shugaban Amurka Johnson ya ba da sanarwa cewa masana sun duba, Bikini ta yi kyau, a koma. Aka share tarkace, aka shuka sababbin itatuwan kwakwar Attagara, aka gina gidaje. Sama da mutum 100 suka koma. A 1978 aka kawo jirgi aka sake kwashe su, don gubar ta hau ƙwarai a jikinsu.

Yaya aka yi haka? Na'urar ce ta yi ƙarya? A'a. Ga yadda lissafin ya ke. Gubar tana samun mutum ta waje, daga ƙasar da ya ke takawa ya ke kwana a kai, tana kuma samunsa ta ciki, daga abin da ya shaƙa, ya sha, ya ci. Ta waje ana auna ta da na'ura, ba gardama. Abin da ke cikin ƙasa da ruwa da 'ya'yan itace shi ma ana ɗiba a auna. Amma kafin a sami adadin da mutum zai kwasa a shekara, sai an riɓanya wannan da yawan abin da zai ci kullum. To, wa ya san abin da mutum zai ci baɗi, balle nan da shekara goma? Nan awo ya ƙare, kirdado ya fara. Masanan suka rubuta cewa mutumin Bikini ɗan kaɗan ya ke cin kwakwa, galibin abincinsa jirgi zai riƙa kawowa, shinkafa da gari da na gwangwani. Alhali kwakwa a wurinsu ita ce dawa, ita ce nono, ita ce mai, ruwanta su ke sha in fari ya zo. Kamar baƙo ne ya zo Malumfashi ya rubuta cewa mutanen nan ba su cika cin tuwo ba. Da itatuwan da aka shuka suka soma 'ya'ya, jirgi kuma ya riƙa makara, mutane suka ci abin da Allah ya hore musu a ƙofar gida.

Akwai kuma abin da manomi zai fi kowa ganewa. Babbar gubar da ta rage a ƙasar sunanta siziyom, ta yi kama ƙwarai da fotash, watau abincin shuka wanda harafin K da ke jikin buhun takin zamani ya ke nufi, wanda kuma ke cikin tokar kara. Ƙasa mai laka ta kan riƙe siziyom ta hana saiwa ɗauka. Ƙasar Bikini kuwa farin rairayin teku ce, ba laka, fotash ɗinta kaɗan ne. Itace mai yunwar fotash sai ya zuƙi siziyom a madadinsa, ya tara a cikin 'ya'yansa. Daga baya aka gano wajen kashi 9 cikin 10 na abin da mazaunin Bikini zai kwasa ta wannan hanya ya ke zuwa. Watau ɓangaren da aka auna da kyau shi ne ƙarami, ɓangaren da aka kirdada shi ne babba, aka haɗa su aka fid da lamba guda, aka ce wa mutane ga awo.

A nan na ke ganin laifin ya ke. Ba na zargin masanan da kuskure, don wanda bai taɓa kuskure a lissafi ba bai taɓa riƙe alƙalami ba. Ina zarginsu da abu biyu. Ba su tambayi masu abin ba. Da sun zauna da tsofaffin mata mako guda suka ga abin da ke shiga tukunya, da lissafin ya sāke. Wanda ya taɓa aikin ƙidaya a ƙauye ya san bambancin lambar da aka rubuta a ofis da wadda aka rubuta a zauren mai unguwa. Sa'an nan ba su nuna wa mutane inda ɗinkin ya ke ba, ba su ce, "Daga nan zuwa nan mun gani da ido, daga nan kuwa zato mu ke yi, in zatonmu ya saɓa ga abin da zai faru." A fiƙihu, wanda ya sayad da dabba yana sane da aibinta ya ɓoye, ya yi algus, mai saye yana da ikon mayarwa. Shakkar da ke zuciyar mai lissafi aibi ce a jikin lambarsa. In ya ɓoye ta don kada mutane su tsorata, ko don wanda ya aike shi yana gaggawa, ya sayar musu da lamba mai aibi. Bambancin kawai, dabba ana mayarwa, shekara shida na cin guba ba a mayarwa.

Wani zai ce, ai talaka bai san lissafin nan ba, in ka ce masa "watakila" sai ka rikita shi, gara ka ba shi magana guda. Wannan raini ne, ba tausayi ba. Manomin da ke shuka bayan ruwan farko bai san "watakila" ba? Kowace shekara yana auna tsakanin shuka da wuri da asarar iri, yana ajiye dawa don gudun gero ya ƙi. Mutumin da ya iya wannan, in an yi masa bayani da harshensa zai iya ɗaukar lamba biyu. Haka kuwa masanan da suka zo daga baya suka koma yi: ga adadi in jirgin abinci yana zuwa, ga adadi in ba ya zuwa. Da aka gane inda cutar ta ke, sai ga magani. Suka gwada zuba takin fotash a gindin itatuwa, itace ya ƙoshi ya daina zuƙar siziyom, gubar da ke cikin kwakwa ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin 10, ko ma ƙasa. Maganin nan yana nan tun 1968, rashin tambaya ya ɓoye shi.

Saura wani abu wanda na'ura ba ta iya faɗi ko kusa. A ce lissafi ya fita daidai, mutum zai kwashi kaza a shekara. To, kaza ɗin nan ya yi yawa ko bai yi ba? Mudun wannan abu sunansa milirem. Ɗan Adam ya kan kwashi kamar 240 a shekara daga halittar Allah, ba ruwan kowa. Hukumomin duniya suka ce ƙarin da aikin mutum zai jawo wa jama'a kada ya wuce 100. Kotun diyya ta Tsibiran Mashal kuwa ta ce 15, don shi ne ma'aunin da wata hukumar Amurka ke bi in za a share wuri a cikin Amurka, suka ce abin da bai dace da ɗan Amurka ba bai dace da nasu ɗa ba. Ƙasa guda, awo guda, in ka bi 100 wani tsibiri ya zaunu, in ka bi 15 bai zaunu ba. Iyakar nan ba a tono ta daga ƙasa ba, mutane suka zauna suka ja ta, kamar yadda a ke jan iyakar gona. Kalmar "ba komi" hukunci ce, ba awo ba ce. Alƙali kuwa ba ya karɓar shaidar wanda zai amfana da ita. Wanda ya zuba gubar, shi ne zai biya kuɗin sharewa, shi ne zai ci gaba da ciyad da mutane muddin ba su koma ba, in shi kaɗai ya auna kuma ya ja iyaka, ko waliyyi ne zuciya ba za ta kwanta ba.

Kada kuma a ɗauka hana komawa shi ne hanyar tsira, mai lissafi ya ce "kada ku koma" ya wanke hannunsa. Zaman gudun hijira shi ma yana ci. Mutanen Bikini sun yi yunwa, 'ya'yansu sun tashi ba su iya tuƙa kwalekwale ba, abincin gwangwani ya kawo musu ciwon sukari, tsofaffi sun mutu suna ambaton inda aka binne iyayensu. Wannan ba ya shiga na'ura, amma asara ce. Tsohon da ya ba saba'in baya, in ya ce shi dai a mai da shi ya mutu a ɗakinsa, gubar da ke ɗaukar shekara ashirin kafin ta nuna me za ta yi masa? Ban ga mai ikon hana shi ba. Wuyar tana ga jikansa. Tsoho ba ya komawa shi kaɗai, sai da mai dafa masa, mai dafawa kuwa da goyo. Jikin yaro ya fi na babba saurin kamuwa, shekarunsa na gaba kuma sun fi yawa, ga shi ba a tambaye shi ba.

Mutanen wani tsibiri, Rongelap, sun sha wannan. Ran bom ɗin 1954 iska ta kai musu farar toka daga nisan mil 100, yara suka yi ta wasa da ita. Sai bayan kwana biyu aka kwashe su, fata ta ƙone, gashi na zuba. A 1957 aka ce ƙasa ta yi kyau, aka mai da su. Galibin waɗanda ba su kai shekara 10 ba ran da tokar ta sauka, daga baya kumburi ya fito musu a maƙogwaro, aka yi ta yi musu aiki. Ɗan shugaban garin, wanda ke da shekara guda a lokacin, ya rasu da ciwon dajin jini a 1972. Likitoci suna zuwa kowace shekara suna ɗibar jini suna rubutawa, suna cewa zama a tsibirin ba shi ne ke kawo cutar ba. A 1985 jama'ar suka yanke nasu hukunci. Suka kwance gidajensu, suka roƙi jirgin wata ƙungiya mai suna Greenpeace ya kwashe su, su wajen 300, zuwa wani tsibiri mai wuyar zama. Suka ce don yara. Mai yiwuwa lissafin likitocin na lokacin daidai ne. Amma wanda aka ce masa "ba komi" a 1957, sa'an nan ya ga abin da ya gani, da wane kunne zai ji ta a 1985? Mai awo ya kashe amanarsa tun da fari, ran da ya zo da gaskiya ba mai saye.

Saboda haka ni a ganina rabon aikin a fili ya ke. Mai na'ura nasa ne ya auna, ya faɗi inda awonsa ya tsaya, ya bar wani mai na'ura wanda mutane suka zaɓa ya sake ɗorawa. Maganar komawa kuwa ta masu gida ce, a zauna da iyayen yara a ciki, ba dattawa kaɗai ba. Wanda ya ɓata ƙasar nauyinsa bai sauka ba ko sun koma ko ba su koma ba, don in komawa ita ce ke yanke tallafi, to, ba zaɓi aka ba su ba, tura su aka yi. Lokaci ma yana nasa aiki, amma a hankali. Siziyom rabinsa ke mutuwa cikin kowace shekara 30. Na 1954 ya koma rabi a 1984, ya koma rubu'i a 2014. A 1997 hukumar atom ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kada a zauna Bikini ana cin amfanin ƙasarta zalla sai an yi gyara. Zuriyar mutum 167 ɗin nan sun zama dubbai, suna warwatse a Kili da Majuro da Amurka.

Ba sai mun haye teku ba kafin tambayar ta same mu. A arewacin Agadas akwai Arlit da Akokan, inda aka soma haƙar yuraniyom, watau dutsen da a ke yin atom da shi, tun 1971. Garuruwan nan cike su ke da Hausawa, daga Maraɗi da Damagaram da Tawa, har da namu na wannan gefen iyaka, 'yan ƙwadago da 'yan tireda da direbobi. Shekara da shekaru ana fito da tsofaffin ƙarafa daga ma'adinin ana sayarwa a kasuwa, maƙera suna yin kayan gida da su. A 2009 baƙi masu na'urar kansu suka zaga titunan Akokan, suka iske wurin da tururin ya riɓanya na ko'ina har sau 500, domin an yi cikon hanya da duwatsun da aka fitar daga rami. Bayan an buga labarin kamfanin Areva ya zo ya kwashe. Da ba a sami sikeli na biyu ba, da yara suna nan suna wasa a kai.

A watan Maris 2021 aka rufe ramin Akokan, aka bar tudun dusar ma'adini wajen tan miliyan 20 a bayan gari, aka ce za a lulluɓe shi da laka da duwatsu. A 2025 Gwamnatin Nijar ta karɓe ɗaya ma'adinin, na Arlit, daga hannun Faransawa. Sikeli ya komo hannun 'yan ƙasa ke nan. Ran da za a tara mutanen Akokan a ce musu an auna rijiyoyi da lambuna, ba komi, ina fata wata tsohuwa za ta miƙe ta tambayi malamin, da Hausa ko da Buzanci, tulu nawa ya rubuta jikanta yana sha a rana cikin watan bazara, kuma wa ya faɗa masa.